Sonny Bill Williams da Tambarin Banki a Wuyan Riga

Wasan zari-ruga iri biyu ne. Akwai na mutum 15 a kowane gefe, akwai na mutum 13, amma duka da ƙwallo mai siffar ƙwai ake yinsu, ana rungumarta a ruga, ba a kuwa miƙa wa abokin wasa ita da hannu sai ta baya. Har zuwa shekarar 1995 haramun ne a biya ɗan wasan mutum 15 albashi. Da aka soke wannan doka sai kuɗi suka shigo, rigar ɗan wasa ta zama allon talla, watau bankuna da kamfanonin giya suna saye su liƙa sunansu. A kan wannan ne labarin Sonny Bill Williams ya bambanta da na tsaransa.

An haife shi a birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan ran 3 ga Agusta, 1985, mahaifinsa kuwa asalinsa mutumin Samoa ne. Da wasan mutum 13 ya fara, a ƙungiyar Bulldogs ta Sidni, inda suka ci kofin ƙasar Ostareliya a 2004, yana ɗan shekara 19. Suna da dukiya suka zo masa da wuri, shi da kansa ya sha faɗin irin shaye-shaye da sharholiyar da ya faɗa ciki. A 2008 ya bar ƙungiyar ba sallama, alhali yarjejeniyarsu ba ta ƙare ba, ya tafi Toulon ta Faransa ya koma wasan mutum 15. Mutanen Sidni sun daɗe ba su yafe masa ba.

A Faransa ya musulunta. Ya ce abin da ya ja hankalinsa shi ne wadatar zucin wasu iyali 'yan Tunisiya da ya saba da su, masu zaune a ɗan ƙaramin gida. A 2010 ya zama Musulmi na farko da ya buga wa All Blacks, ƙungiyar ƙasarsa, ya yi mata wasa 58, da shi aka ci kofin duniya a 2011 da 2015. Gwanintarsa ita ce miƙa ƙwallo da hannu ɗaya a daidai lokacin da ƙarti biyu suka riƙe shi. Bayan wasan ƙarshe na 2015 a filin Twickenham na Landan, wani mai gadi ya kayar da wani yaro da ya rugo cikin fili. Williams ya ɗaga yaron, ya cire lambar zinariyarsa ya rataya masa.

Gwaji na sosai ya zo a Afrilun 2017. Ya fito wa ƙungiyar Blues da filasta manne a wuyan rigarsa, ya rufe tambarin bankin BNZ, domin addininsa ya hana cin riba. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, tun da yake daga irin waɗannan kamfanoni albashinsa ke fitowa. Hukumar wasan ta Niyu Zilan ta yarda a ɗauke masa tallan banki da giya da caca, aka sa tambarin Plunket, wata ƙungiyar kula da lafiyar jarirai, a gurbin. Masu suka sun ce ai bai daina sa rigar All Blacks mai sunan kamfanin inshora na AIG ba, kuma lalle maganarsu ba ta rasa makama.

A 2018 ya yi Umra, ya ziyarci Madina. Da aka kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch ran 15 ga Maris, 2019, ya ajiye wasa ya tafi garin ya zauna da waɗanda aka yi wa rashi. Ya yi murabus daga zari-ruga a Maris na 2021, ya ci gaba da damben zamani, wanda tun 2012 ya taɓa riƙe kambinsa na ajin masu nauyi na ƙasarsa.