Matsalar Rubutun Suna Wajen Binciken Tarihin Tsohon Soja: Misalin Kyari Magumeri

Duk manazarcin da ya ɗauki aniyar bin diddigin aikin sojan kakansa a Maiduguri, matsalar farko da zai ci karo da ita ta harshe ce. Turawan da suka rubuta sunayen sojojin Rundunar Afirka ta Yamma da kunne suka yi aiki, kuma sau da yawa sunan garin mutum suka mayar sunan mahaifinsa.

Kyari Magumeri ya isa misali. A takardun Turawa an rubuta shi Chari Maigumeri, wato an sauya harafin farko na sunan Barebari, sa'annan aka ba garin Magumeri siffar Hausa ta hanyar cusa "mai". Ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa cikin 1915, daga baya ya shiga rundunarsu. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Habasha da Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lakwaja na ɗauke da sunansa, amma da rubutun Turawa.

Saboda haka, wajibi ne mai bincike ya jarraba kowane rubutu da sunan zai iya ɗauka, ko a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna ko a na Kew a Landan. A ganinmu, lambar soja ta fi suna amana. A nemi ta jikin lambar yabo ko takardar sallama da iyali suka adana, kafin a tunkari ma'adana.