Tankin murjani a falo: gilashin ne mai sauƙi, wuta da sanyi su ne tsadar

A TikTok da YouTube ana yawan cin karo da bidiyon tankin gilashi mai shuɗin haske, kifaye masu ruwan lemo irin na fim ɗin Finding Nemo suna kai-komo tsakanin wasu rassa masu ƙyalli, mai tankin kuma yana riƙe da waya yana rage hasken a hankali kamar faɗuwar rana. Rassan nan ba furanni ba ne. Dabbobi ne masu rai, murjanin teku, dangin jan murjanin da mata ke ratayawa a wuya, kodayake wancan nau'insa daban ne kuma ba shi ake kiwo a tanki ba. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne injinan da ke cikin kabad ɗin ƙasa, da yadda mita ke zuƙe yunit.

Waɗanda suka daɗe a harkar sukan fi son babban tanki, misali mai cin lita 400, domin ruwa mai yawa ba ya saurin sauyawa. Idan zafi ya tashi ko kifi ɗaya ya mutu, ƙaramin tanki kan birkice cikin sa'o'i, babba kuwa yana ba mutum lokacin gyara. Sai dai kowace lita da aka ƙara tana jan kuɗi ta kowane ɓangare. Ruwan kaɗai ya haura kilo 400. Idan aka haɗa gilashi mai kauri da duwatsu da yashi da kabad, nauyin zai iya wuce rabin tan, don haka mai zama a bene sai ya fara tunanin inda zai ajiye shi.

Ruwan famfo ko na burtsatse ba ya shiga tankin kai tsaye. Sai an tace shi da na'urar RO/DI har ya zama babu ma'adinin komai a ciki, kuma na'urar kan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai tsabta. Gishirin girki ma ba ya aiki. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa da sinadaran ruwan teku, ana zuba kusan giram 35 a kowace lita. Cikon farko na lita 400 zai ci wajen kilo 14, sannan duk mako ɗaya ko biyu a canza kashi 10 cikin ɗari na ruwan, wato wani kilo ɗaya da rabi. Gishirin daga waje ake shigo da shi, kuma kaya ne mai nauyi, kuɗin dakonsa kan yi gogayya da kuɗin sayensa.

Ɓangaren da ya fi jan hankalin masu son na'urori shi ne fitilu. Yawancin murjanin tanki suna ɗauke da wasu ƙananan tsirrai a cikin jikinsu, waɗanda ke sarrafa haske su samar masu da abinci, shi ya sa fitilar ba ado ba ce. Fitilun Radion na kamfanin EcoTech Marine na Amurka ana sarrafa su da manhajar Mobius, kayan Red Sea kuma da manhajar ReefBeat. Kowace fitila ɗaruruwan daloli ce, tanki mai wannan tsawo kuma yakan buƙaci biyu. Ga injin da ke ɗago ruwa daga ƙaramin tankin ƙasa, ga masu kaɗa ruwa su kwaikwayi igiyar teku, ga na'urar da ke kwashe dauɗa ta hanyar kumfa. A nan ana iya rage kashe kuɗi: injinan Jebao na ƙasar Sin sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma mutane da yawa na kiwo da su lafiya lau.

Inda lissafin mutumin Kano ko Sakkwato ya rabu da na mai bidiyo a Turai shi ne zafi. Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26. Idan ya daɗe a kusan 30, sai ya fitar da tsirran da ke jikinsa, ya yi fari fat, daga nan kuma mutuwa ce ke biyo baya idan ba a gyara ba. A watan Afrilu zafin waje kan taɓa digiri 40, ga fitilu da injina suna ƙara ɗumama ruwan. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya zuwa uku, kuma ta fi tasiri a busasshiyar iska, amma ba ta isa a bazara. Dole sai na'urar sanyaya ruwa, wadda ke aiki kamar firji, ko kuma ɗaki mai AC dare da rana. Da hunturu ya zo lamarin ya juya: daren sanyi na buƙatar hita, busasshiyar iskar kuma tana ɗauke litoci daga tankin kowace rana. Ruwa ne ke tafiya, gishirin yana nan, don haka tankin na ƙara gishiri matuƙar ba a cike gurbin da tataccen ruwa ba. Akwai ƙaramar na'ura mai firikwensin da ke yin wannan cikon da kanta, kuma tana cikin kayan da ba su da tsada amma suke ceton tanki.

Ga misalin lissafin wuta. A ce injinan da ba sa tsayawa suna cin wat 120, a sa'o'i 24 kusan yunit 3 ke nan. Fitilu wat 300 na sa'o'i 10, wani yunit 3. Na'urar sanyi wat 350 tana aiki sa'o'i 10 a ranar zafi, yunit 3 da rabi. Jimla ta haura yunit 9 a rana, wajen 280 a wata. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanar wa masu Band A a Afrilun 2024, kuɗin ya zarce naira 60,000 a wata, ba a sayi abincin kifi ko gishiri ba.

Kuma wannan idan akwai wutar ke nan. Alkawarin Band A sa'o'i 20 ne a rana, sauran rukunoni ƙasa da haka. Murjani zai jure kwana ɗaya ko biyu babu fitila, amma idan ruwa ya daina motsi iskar shaƙa na ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan, musamman a ruwa mai ɗumi, kifaye su fara mutuwa. Saboda haka inbata da batir suna cikin kayan tankin tun ranar farko. Injinan wat 120 na sa'o'i 12 suna buƙatar kusan yunit ɗaya da rabi. Batir mai 12V da 200Ah yunit 2.4 yake riƙewa a takarda, kuma idan ba na lithium ba ne rabinsa kawai ya kamata a sha. Batir ɗaya bai isa ba ke nan, balle a ɗora masa na'urar sanyi. Wannan sai sola ko janareta.

Na'urar sa ido irin Apex ta Neptune Systems tana auna zafi da gishiri da tsamin ruwa, ta turo gargaɗi a waya, har ta kashe hitar da ta ƙi tsayawa. Tana da amfani, amma ita da rauta duk sai suna kan batir, in ba haka ba wutar da ta ɗauke injin ita ce za ta ɗauke saƙon. Mai ƙaramin kasafi gara ya jinkirta ta ya fara da kayan gwajin sinadarai na hannu, domin murjani mai tauri na cinye kalsiyam kullum, kuma ana son ya tsaya tsakanin 400 zuwa 450 a ma'aunin ppm.

Dabbobin su ne na ƙarshe a layi. Murjani masu tauri suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini, kuma lokacin da Indonesiya ta dakatar da fitar da su a 2018 kasuwar duniya ta ji a jikinta. Kafin a saka ko kifi ɗaya, sabon tanki kan yi mako huɗu zuwa shida yana aiki da ruwa da duwatsu kawai, har ƙwayoyin cuta masu amfani da ke narkar da kashin kifi su kafu. A waɗannan makonni mita za ta nuna ainihin yunit ɗin da tankin ke ci, batir kuma zai nuna ko yana kai wa asuba, tun babu abin da zai mutu a ciki.