Tafi, Tafi da Ta Fi

Mai koyon karatu, ga wata kalma mai baƙaƙe biyu da wasula biyu, amma takan kā da mutum. Kalmar ita ce tafi.

Buɗe hannunka ka duba cikinsa. Wannan shi ne tafin hannu. Ƙasan ƙafarka kuwa, wanda kake taka ƙasa da shi, shi ne tafin ƙafa. To, in ka buga tafin dama a kan na hagun har ya yi ƙara, sai a ce ka yi tafi, ko ka tafa. Watau Bahaushe bai wahalar da kansa ba wajen neman suna. Sunan abin bugun da sunan bugun duk ɗaya ne.

Tafi kuwa ba iri ɗaya ba ne. 'Yan mata suna tafi a dandali in suna gaɗa, tafin ne gangarsu. In ɗan kokawa ya kā da abokin karawarsa, ko mai jawabi ya faɗi magana mai daɗi, sai ka ji fili ya ɗauka raf, raf, raf. Wannan na yabo ne. Abokai biyu in magana ta ba su dariya, sai ɗaya ya miƙa hannu ya ce, "Mu tafa." Tsohuwa kuma in ta ji mugun labari takan tafa hannu tana salati. Wannan ba na murna ba ne ko kaɗan.

Yaranmu da ke makarantar boko sukan dawo gida da kalmar Turanci, clap, gama in yaro ya ba da amsa daidai malam yakan ce a yi masa. Turawan Ingila ba daga sunan hannu suka samo tasu ba, ƙarar suka kwaikwaya, kamar yadda mu muke cewa raf. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, ta yi wajen shekara 1,000 a bakinsu, kuma da fari ma'anarta bugu ne ko bugawar zuciya. Saboda haka har yau suna kiran tsawa da ita, ɗan ƙarfen nan da ke kaɗawa cikin ƙararrawa ma daga ita aka yi sunansa. Jamusawa da mutanen Holan suna cewa klappen, duk dangi ne. In ka ƙetare iyaka ta Lolo ka shiga ƙasar Benin, wadda ake kira Dahomey kafin 1975, Faransanci ake koyarwa a makaranta, can kuwa applaudir suke cewa, daga Latin.

Yanzu ga inda wuyar take. Akwai wata tafi, ta tafiya. A baki ba mai ruɗewa, don tafin hannu ana jan ta ɗinsa, na tafiya kuwa ba a ja. Malaman ajami sun huta, gama sukan sa alif bayan ta in za a ja. Bargery ma, da ya buga babban ƙamus nasa na Hausa a 1934, ya sa alama bisa wasalin da ake ja. Amma bokon da muke rubuta wasiƙa da shi ba ya nuna wannan. Sai ka dubi maƙwabtan kalmar. Karanta waɗannan a bayyane:

An yi masa tafi.
An ce masa tafi.

Na farko an yabe shi, na biyu an sallame shi. Kalma ɗaya tak ta bambanta su.

Saura ta uku, ita ce ta fi cutar masu rubutu. Ita kalmomi biyu ne, ta da fi, da fili a tsakaninsu. In ka rubuta "Jega ta fi Kende girma," ka faɗi abin da kake nufi. In ka manne su, ka rubuta "tafi Kende," to, ka aiki mutum ne, sai ya ɗauki takalminsa ya kama hanya. Mutane da yawa suna wannan kuskure, har da waɗanda suka daɗe da biro a hannu, kuma ba daidai ba ne a bar shi ya zama al'ada.

Ɗauki allonka ka rubuta wannan, ka lura da filin: Kande ta fi Ladi iya tafi, amma Ladi ta tafi gida.