Gidan Tarihi a Tafin Hannun Malami

Yaron da ke aji a Gumel ko Tasawa zai iya haddace cewa sojojin Ingila sun ci birnin Benin da yaƙi a 1897, ya zuba a takardar jarrabawa ya ci, alhali bai taɓa ɗora ido a kan ko ɗaya daga cikin allunan tagullar da aka kwashe daga fadar Oba, sarkin Benin, ba. Ko makarantarsu ta yi hayar mota, motar ba za ta kai shi Landan ba, inda British Museum ke riƙe da kayan Benin fiye da 900. Saboda irin wannan yaro ne ya kamata malamin tarihi ya ɗauki ziyarar gidan tarihi ta intanet a matsayin kayan aiki, tamkar allo da alli.

Tun 2011 kamfanin Google ya buɗe shafin da yanzu ake kira Google Arts & Culture, inda mutum ke ratsa zaurukan manyan gidajen tarihi ɗaki bayan ɗaki. A Nuwamban 2022 kuma aka ƙaddamar da shafin Digital Benin, wanda a lokacin yake ɗauke da hotuna da bayanan kayayyaki fiye da 5,000 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Sai dai yawon kallo kawai ba darasi ba ne. Darasin yana farawa ne idan malami ya tsaya a kan allo guda ya jawo shi kusa: ga Oba a tsakiya, murjani ya rufe masa wuya har haɓa, fadawa na tallafe da hannuwansa, ga ramukan ƙusa inda aka kafe allon a jikin ginshiƙin fada. Me ya sa maƙerin ya yi Oba ya fi kowa girma? Su wane ne masu dogon gashi da hula da ke fitowa a wasu allunan? Ɗalibin da ya gano da kansa cewa fataken Fotugal ne ya riga ya shiga tarihin cinikin gaɓar teku, ba tare da an yi masa shifta ba.

Za a ce ina wuta, ina kuɗin data? Gaskiya ne, amma malami na iya sauke hotuna biyar a wayarsa sau ɗaya, ya raba ajin rukuni-rukuni. Za a kuma ce hoto bai kai ganin ido ba. Wannan ma haka ne, kuma makarantar da ke cikin Kano ba ta da uzurin kallon gidan tarihi na Gidan Makama ta waya; a tafi a taɓa kaurin bangon. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa kallon kayan ganima ta intanet kamar sallama wa masu riƙe da su ne. Ban yarda ba. Wanda bai san abin da aka ɗauke masa ba, da wane baki zai yi cigiya? Jamus ma sai da aka daɗe ana matsa mata kafin ta mayar wa Nijeriya mallakar kayan Benin fiye da 1,100 a 2022.

Saura namu. Ya kamata hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya ta ɗauki hotunan gumakan Nok da ke gidan tarihin Jos da ɗakunan Gidan Makama ta ɗora a intanet, da bayani cikin Hausa, yadda wayar malamin ƙauye za ta iya buɗewa.