Kofi Takwas, Ruwan Sanyi da Ƙishirwar Jariri: Gaskiya da Ƙarya a Zancen Shan Ruwa

Da zarar bazara ta kama, sai saƙonni a kan shan ruwa su zama ruwan dare a wayoyinmu. Wannan ya ce dole ne kofi takwas a rana. Wancan ya ce ruwan sanyi bayan cin abinci yana daskarar da mai a hanji. Wata murya kuma ta rantse cewa kofi huɗu da asuba, kafin a wanke baki, yana raba mutum da ciwon suga cikin wata guda. Ban da waɗannan akwai maganganun da muka taso muka tarar a gida, waɗanda sun girmi waya nesa ba kusa ba. Wasunsu suna da ƙamshin gaskiya, wasu ɓata lokaci ne kawai, biyu ko uku kuwa suna cin rayuka.

Mu fara da kofi takwas, tunda shi ya fi yawo. Masu bin diddigi sun fi danganta asalinsa da wata shawara da hukumar abinci da gina jiki ta Amurka ta fitar a 1945, inda ta ce babban mutum yana buƙatar kimanin lita 2.5 na ruwa a rana. Sai dai a wuri guda hukumar ta ƙara da cewa mafi yawan wannan ruwa yana cikin abincin da ake ci. Aka riƙe farkon maganar, aka yar da ƙarshenta. A 2002 wani masanin aikin ƙoda, Heinz Valtin na makarantar likitanci ta Dartmouth, ya bi rubuce-rubucen masana yana neman binciken da ya kafa dokar kofi takwas, bai samu ba.

Alƙaluman da manyan hukumomi ke bayarwa ma sun bambanta. Cibiyar nazarin lafiya ta Amurka a 2004 ta ce lita 3.7 ga namiji, 2.7 ga mace. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai a 2010 ta ce lita 2.5 ga namiji, 2 ga mace. Duka biyun jimillar ruwan da ke shiga jiki suke nufi, har da na abinci, wanda kan kai kusan kashi 20 cikin 100. Koko da safe, miyar kuka da dare, fura da nono da rana, yankan kankana a bakin titi, duk suna cikin lissafi. Shayi ma haka. Ana cewa yana busar da jiki saboda yana sa fitsari, amma ga wanda ya saba shansa, ruwan da ya shigar ya fi wanda ya fitar. Abin dubawa a shayinmu shi ne tulin sukarin da ake zuba masa.

To kofi takwas ƙarya ne ke nan? Adadin bai kai lita biyu cif ba, wato kusan ledar fiya wata huɗu. Ga ma'aikacin ofis da ke wuni a ƙarƙashin fanka, ba laifi. Ga ɗan garuwa da ke tura kura a watan Afrilu, wannan adadi bai kai ko'ina ba. Ka dubi bayan rigarsa da la'asar, za ka ga farin zane ya bushe a inda gumi ya bi. Gishirin jikinsa ne. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita guda ko fiye na gumi a cikin awa ɗaya. Shawarar da hukumomin kare lafiyar ma'aikata ke ba irinsa ita ce kofi guda duk bayan minti 15 zuwa 20, tare da cin abinci a kan lokaci don mayar da gishirin da ya fita. Kuskuren zancen kofi takwas shi ne auna manomi da magini da mai shayarwa da ɗan makaranta da mudu ɗaya.

Ma'aunin da ya fi wannan yana tare da kowa. Lafiyayyen babba, ƙishirwarsa jagora ce mai kyau, launin fitsarinsa kuma shaida ne. Idan ya fito ruwan ɗorawa mai haske, jiki ya samu abin da yake so. Idan ya yi duhu kuma ya yi kaɗan, a ƙara sha. A dai lura cewa wasu magunguna suna sauya launi: ƙwayoyin bitamin suna sa shi ya yi ɗorawa shar, ɗaya daga magungunan tarin fuka kuma yana mayar da shi ja-ja. Akwai waɗanda ƙishirwa ke yaudara. Tsofaffi ba sa jin ta da wuri, don haka kada a jira Baba ko Inna su nema. A ajiye musu kofi kusa, a riƙa miƙa musu. Lokacin hunturu ma iska tana zuƙe danshin jiki alhali sanyi ya danne son ruwa. Masu ciwon sikila kuwa, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ƙarancin ruwa yana cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo, saboda haka su kan gaba da ƙishirwa ya kamata su sha. Wanda kuma ya ga ƙishirwa ta ƙi barinsa, yana sha yana fitsari dare da rana, ya je a auna masa suga.

Cewa ruwa ba ya yawa, wannan ba gaskiya ba ne. Ƙoda tana iya fitar da abin da bai wuce kimanin lita guda ba a awa. Idan aka ɗura fiye da haka cikin ƙanƙanin lokaci, gishirin jini yakan tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai ciwon kai, amai, ruɗewa, jijjiga, wani lokaci har mutuwa. A tseren gudun fanfalaki na birnin Boston na 2002 an auna jinin 'yan tsere 488, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya sauka ƙasa da ƙa'ida, kuma yawan sha ne babban dalili. A 2007 wata mata ta rasu a jihar Kalifoniya bayan gasar shan ruwa da wani gidan rediyo ya shirya. Masu ciwon gazawar zuciya ko gazawar ƙoda kuma, sau da yawa likita yakan ƙayyade musu abin da za su sha. Duk wanda ya tura wa irin wannan mara lafiya saƙon "sha lita biyar ka wanke ƙodarka" ya cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya tura.

Wannan ya shafi mai azumi. Da yawa sukan tsaya gab da kiran assalatu su kwankwaɗi ruwa har ciki ya yi tim, da nufin yin guzuri. Ciki ba randa ba ne. Kafin hantsi ƙoda ta fitar da rarar. Abin da ya fi amfani shi ne a rarraba shan tun daga buɗa-baki har sahur, a rage kilishi da tsire da duk abin da gishiri ya yi wa yawa a daren, a samu kunu ko 'ya'yan itace a sahur.

Ruwan sanyi an ɗora masa laifuffukan da bai ji ba bai gani ba. Zazzaɓin cizon sauro daga cizon sauro yake zuwa. Mura da limoniya ƙwayoyin cuta ne ke kawo su. Zancen daskarar da mai har ya zama sankara ƙanzon kurege ne, don cikin 'yan mintuna ruwan yake ɗaukar ɗumin jiki. Mai ciwon haƙori ko mai ciwon ɓarin kai yana iya jin sanyin ya dame shi, shi sai ya guje masa. Abin tsoro a ƙanƙarar da ake fasawa a zuba a zoɓo shi ne ruwan da aka yi ta da shi, da hannu da buhun da ta bi, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayar taifod.

Batun sha a tsaye yana da fuska biyu, kuma ya kamata a raba su. Zama a sha, da sha a numfashi uku, ladabi ne da Musulmi ya koya daga sunnar Annabi (SAW), bayaninsa kuma na malamai ne. Ƙarin da ake yi cewa sha a tsaye yana lalata ƙoda ko yana tara ruwa a gwiwa ba shi da tushe a likitanci, sunna kuma ba ta buƙatar a tallafe ta da ƙirƙirarren bayani.

Ruwa a kan cikin da ba komai da safe abu ne mai kyau, tunda an kwana ba a sha ba. Amma ba ya warkar da ciwon suga, ko hawan jini, ko sankara. Haɗarin saƙon yana ga mutumin da zai ajiye ƙwayoyinsa ya kama ƙirga kwanaki. Mun ga irin wannan a watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi mutane cikin dare aka ce su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama suka kwanta asibiti. A 2020 aka dawo da cewa kurɓar ruwa duk minti 15 yana kora ƙwayar korona cikin ciki ta mutu. Shi ma shaci-faɗi ne.

Akwai inda ruwa yake da tabbataccen amfani. Wani bincike a birnin Parma na Italiya da aka wallafa a 1996 ya bi masu tsakuwar ƙoda shekara biyar: cikin waɗanda aka sa su ƙara sha, kimanin kashi 12 cikin 100 tsakuwar ta dawo musu, cikin sauran kuwa kashi 27. Wani na 2018 a kan mata 140 masu yawan kamuwa da cutar mafitsara ya nuna ƙarin lita 1.5 a rana ya rage dawowar cutar da kusan rabi. A tsananin zafi ma ruwa yana taimakawa, sai dai shi kaɗai ba ya isa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu. Wanda rana ta buga har ya fara sambatu, inuwa da jiƙa jiki da fifita da gaggawar kai shi asibiti yake buƙata, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Maganganu biyu da suka fi damuna ba daga waya suka fito ba, kuma duka a kan yara suke. Ta farko ita ce jariri yana jin ƙishirwa. Rana ta take, ɗaki ya yi zafi, yaro yana tsala kuka, sai kaka ta ce, "Ke, ba shi ruwa mana, ke ba kya sha ne?" Sai a ɗebo a moɗa, a ɗiɗɗiga masa da cokali. Tausayi ne ya sa ta faɗi haka, kuma ba kowace mai jego ce za ta iya musa wa uwar mijinta ba. Amma nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, wanda yake fara fitowa a kowane tsotso kuma ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko a ƙasa mai zafi irin tamu. Cikin jariri ƙarami ne. Ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, tsotso ya ragu, nonon uwa ma ya ragu. Ruwan yana iya shigar masa da ƙwayar gudawa, idan ya yi yawa kuma ya tsinka gishirin jininsa har ya yi jijjiga. A ranar zafi uwa ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara sa shi a nono. Idan yana jiƙa ƙyallensa sau shida ko fiye a yini da dare, ya ƙoshi. Wannan bayani maigida ya kamata ya kai wa mahaifiyarsa cikin ladabi, kada a bar mai jego ita kaɗai da shi.

Ta biyu ita ce a hana mai gudawa ruwa don zawon ya tsaya. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa, hana shi sha kuwa gaggauta hakan ne. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh da ke Bangaon a Indiya, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare ana tsakiyar annobar kwalara. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a ruwa ana ba marasa lafiya su sha, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin 100. Haɗin nan shi ne ORS da ake samu a kemis da asibitin sha-ka-tafi. Idan babu shi a kusa, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu ko tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan bayan kowace fita. Idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. A ci gaba da nono da abinci, a nemi ƙwayar zinc da ake ba yara kwana 10 zuwa 14.

Idan idanunsa sun faɗa, ko maɗigarsa ta faɗa, ko an ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, ko ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko an ga jini a bayan gidansa, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Muddin yana iya haɗiya, a tafi da kofin ana ba shi a hanya.