Matsalar Wutar Lantarki: Muhawara Tsakanin Masu Ra'ayin Iskar Gas da Masu Ra'ayin Hasken Rana

ABUJA – A ƙarshen watan Oktoba na 2024, yawancin jihohin arewacin Nijeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Da farko wasu ɓata-gari ne suka lalata turakun babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, kuma rashin tsaro a yankin ya hana ma'aikata zuwa gyara da wuri. Nauyin ya koma kan layin da ya taso daga Ugwuaji ta jihar Inugu zuwa Apir ta jihar Binuwai, shi ma sai ya faɗi. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun zauna hannu rabbana, masu ɗakunan sanyi kuwa suna ji suna gani kifi da kajinsu suka lalace.

Tun daga wannan lokaci tsohuwar muhawara kan hanyar fita daga ƙangin rashin wuta ta sake zafi. Alkaluman da ake jayayya a kansu sanannu ne. Tashoshin samar da wuta na ƙasar nan suna da ƙarfin da ya kai kimanin megawat 13,000 a rubuce, amma abin da ke isa ga jama'a galibi bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wuta kwata-kwata, kuma rashin tsayayyar wuta na jawo asarar kimanin dala miliyan dubu 26 a kowace shekara. An rushe Hukumar NEPA, an soma miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, amma injin janareta bai bar ƙofar shago ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne kuɗi. Bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni. Ɗan kasuwa ya rasa tudun dafawa: janareta ya yi tsada, wutar gwamnati ta yi tsada.

Masu ra'ayin iskar gas suna da hujja mai ƙarfi. Ƙasar nan tana da ajiyar gas da ta haura ƙafa tiriliyan 200, wadda babu kamarta a Afirka, kuma har yanzu ana ƙone wani ɓangare nata a banza a filayen haƙar mai na Neja Delta. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar da ke shiga babban layin ƙasa daga gas take fitowa. A ganinsu, masaƙa ko masana'antar roba a Sharaɗa da Challawa da Bompai, wadda injunanta ke aiki dare da rana, tana bukatar wuta mai ƙarfi wadda ba ta jiran fitowar rana. Tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sha nanata cewa ba adalci ba ne ƙasashen da suka gina arzikinsu da gawayi da mai su hana bankuna ba da rancen ayyukan gas a Afirka. Ko shirin sauya makamashi da gwamnati ta ƙaddamar a Agustan 2022, bayan alkawarin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗauka a Glasgow a 2021 na daidaita hayaƙin da ƙasar ke fitarwa nan da 2060, ya ɗauki gas a matsayin gadar tsallakawa.

Sai dai ga ɗan arewa, gas ɗin yana can nesa. Bututun da zai kawo shi daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, aka kuma ɗage ranar kammalawa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A nan ne masu ra'ayin hasken rana ke shigowa. Sun ce arewa ta fi kowane sashe na ƙasar nan samun rana, kuma farantan da aka kafa a kan rufin kasuwa ba ruwansu da turakun da ake tayar wa nakiya a daji. Suna kafa misali da kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda aka soma ba shaguna wutar rana a ƙarƙashin wani shirin Hukumar Samar da Wuta a Karkara, da tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da kuma ta Challawa mai megawat 10 da aka buɗe a Janairun 2023. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 don ƙananan tashoshi da na'urorin gida, da nufin amfanar mutane miliyan 17.5. Jama'a ma ba su jira gwamnati ba, domin farantan da ake shigowa da su daga Sin sun cika kasuwanni. Hatta fadar shugaban ƙasa an ware mata Naira miliyan dubu 10 a 2025 don kafa wutar rana, lamarin da ya jawo surutu, tun da mai gida ne da kansa ke shirin barin tukunyar da ya dafa wa kowa.

Duk da haka, wanda ya taɓa sayen waɗannan kaya ya san inda gizo ke saƙar. Farantai sun yi araha, amma batir ne ke cin kuɗi, kuma da dala ake shigo da shi. Mai shagon magani ko mai ɗinki zai iya mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru. Mai injin casar shinkafa da ke aiki har tsakar dare kuwa, lissafinsa daban ne. Tarihin manyan ayyuka ma bai ba da ƙwarin gwiwa ba. A 2016 an sanya hannu da kamfanoni 14 kan gina tashoshin rana masu ƙarfin fiye da megawat 1,000, yawancinsu a arewa, amma taƙaddama kan farashi da lamunin gwamnati ta daƙile su. Tashar iska mai megawat 10 ta Lambar Rimi a jihar Katsina ta kwashe fiye da shekara goma ana gininta.

Wata sabuwar jayayya ta kunno kai a 2025, lokacin da ministan kimiyya na wancan lokaci ya yi maganar hana shigo da farantan rana don a ƙarfafa masu haɗa su a cikin gida. Dillalai sun yi caa, suna cewa masana'antun gida ba su kai ga biyan bukatar kasuwa ba, kuma hanin zai ƙara farashi ne kawai a kan wanda ya gudo daga tsadar mai.

Abin mamaki, wutar ruwa, wadda ita ce tsaftatacciyar wutar da ƙasar nan ta daɗe da sani, ba a cika ambatonta a muhawarar ba. Kainji tana aiki tun 1968, Jebba tun 1985, Shiroro tun 1990, sannan Zungeru mai megawat 700 ta biyo baya bayan shekaru fiye da talatin. Mambilla kuwa, mai megawat 3,050 a takarda, ta fi yin suna a ɗakin sasanta rigingimu na birnin Paris fiye da a jihar Taraba.

A ra'ayin wannan marubuci, ɓangarorin biyu suna gardama kan abin da za a zuba a tulu, alhali tulun ne ke yoyo. Kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, ana yanka musu kuɗi ne da ka, su kuma suna ƙin biya. Kamfanonin rarrabawa ba sa tattara abin da ya isa, gwamnati ba ta cika alkawarin tallafi a kan lokaci, har bashin da kamfanonin samar da wuta ke bi ya kai kimanin Naira tiriliyan 4 a 2025. Su ma sai su kasa biyan masu ba su gas. Mai jari, ko na gas ne ko na rana, abin da yake fara tambaya shi ne wa zai biya shi.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wuta tasu da hukumar da za ta sa ido a kai. Inugu na cikin waɗanda suka fara karɓa, kuma a Agustan 2025 hukumarta ta rage kuɗin rukunin farko zuwa Naira 160. Nan take kamfanonin samar da wuta suka yi ƙorafi, suna tambayar wanda zai cike giɓin, tun da wutar da ake sayarwa a jihar daga babban layin ƙasa ake ɗauko ta.