Shekarun ma'aikata da hatsarin aiki a Nijar: abin da asusun CNSS yake gani da wanda ba ya gani

1. Gabatarwa

A ƙasashen Turai, in ana maganar sauyin da ake samu cikin jama'ar ma'aikata, tsufa ake nufi: haihuwa ta ragu, tsofaffi sun yi yawa a wuraren aiki. Masu binciken lafiyar ma'aikata sun daɗe da lura cewa yaro sabon shiga ya fi yawan jin rauni, shi kuwa dattijo bai cika yin hatsari ba, amma in ya yi, raunin ya fi muni kuma jinya ta fi daɗewa. A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba yadda zancen yake a Nijar, inda al'amarin ya sha bamban.

Ƙidayar 1977 ta ba da mutum miliyon 5,1, ta 1988 miliyon 7,2, ta 2001 miliyon 11, ta 2012 kuwa miliyon 17,1, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Birnin Yamai, wanda bai cika mutum dubu 400 ba a 1988, ya wuce miliyon guda a 2012. Ke nan masu shiga aiki a ƙasarmu yara ne da samari. Tambayarmu ita ce: wa ke ɗaukar nauyinsu in sun ji rauni?

2. Ma'aikacin da doka ta sani

Tushen tsarinmu dokar Faransa ce ta 9 ga Afrilu 1898, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin raunin ma'aikacinsa, ko da laifinsa ko babu. Ma'aikatan Afirka ta Yamma sun samu kundin dokokin aiki a 15 ga Disamba 1952, bayan babban yajin aikin 3 ga Nuwamba na wannan shekara. Dokar hatsarin aiki ta biyo a 1957. Bayan ƴancin kai aka kafa asusun ƙasa na kare ma'aikata, watau CNSS, a 1965.

A nan sai mu ɗan tsaya kan kalma. Mukan ce asusu yana biyan « diyya », amma a shari'a diyya tana kan wanda ya jawo ɓarna ko danginsa. A tsarin asusu ba a neman mai laifi. Mai ba da aiki shi kaɗai ke zuba kashi 1,75 cikin 100 na albashi kowane wata, ma'aikaci ba ya biyan ko dala a wannan fanni. Haka nan, abin da doka ta kira hatsari, lebura yakan kira shi tsautsayi, kuma an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda ya ɗauki rauninsa a haka ba zai matsa wa maigidansa ya sanar da hukuma cikin awa 48 da doka ta tsayar ba.

In an sanar, asusu yana biyan magani, ya ba majinyaci rabin kuɗin yininsa har kwana 28, daga nan kashi biyu cikin uku. In naƙasa ta zauna, likita zai ƙiyasta ta. Abin da bai wuce kashi 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya ɗara haka ana ƙara masa rabinsa. Misali, naƙasar kashi 30 tana ba da kashi 15 na albashi, ta kashi 70 kuwa tana ba da 25 da 30, watau 55. In ma'aikaci ya rasu, matarsa tana da kashi 30, in kuma akwai kishiyoyi sai su raba wannan kaso ɗin.

Duk lissafin nan ya dogara ga abu uku: albashi rubutacce, maigida guda sananne, da lambar rajista. Hoton magidanci ne mai aikin kamfani ko sarwishi, kamar yadda aka san shi a shekarun 1950.

3. Tsofaffin ma'aikatan arewa

Irin wannan ma'aikaci an same shi da yawa a ma'adinan uraniyom. SOMAÏR ta fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK a Akuta a 1978, ita a ƙarƙashin ƙasa. Samarin da aka ɗauka a lokacin yanzu dattawa ne, kuma an rufe COMINAK a 31 ga Maris 2021. Matsalarsu ba karaya ko yankewar yatsa ba ce. Ƙurar dutse da iskar radon sukan yi shekara 20 ko 30 kafin ciwon huhu ya bayyana, lokacin mutum ya riga ya koma garinsu, nesa da asibitin kamfani. Sai ya kawo shaidar likita cewa ciwon yana cikin jerin cututtukan aiki, kuma bai wuce wa'adin da aka yanka wa wannan ciwo ba. Yadda shaidar take da wuya an gan shi ko a Faransa: a 2012 wata kotun Melun ta ɗora wa Areva alhakin rasuwar wani Bafaranshe tsohon ma'aikacin COMINAK da kansar huhu ta kashe, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba. In haka ta faru ga iyalin da ke da lauya, ina ga leburan ɗan kwangila da ya koma ƙauye ba takarda ko guda?

4. Samarin da ba su da lamba

Tun daga tsuke bakin aljihun gwamnati na shekarun 1980 da faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994, aikin albashi bai ƙara tafiya daidai da yawan jama'a ba. Samari suka nufi wurin da ake karɓarsu ba takarda: maƙera da masu narka sanholo na kasuwar Katako, majemar Gamkalle, garejin kanikawa, gine-gine, kabu-kabu. Ƴan mata daga ƙauye suka cika gidajen Yamai da aikatau. Sannan ga zinariya: Komabangu tun shekarun 1980, Jado da Cibarkaten daga 2014, inda ake shiga rami mai zurfi da igiya, ana wanke ƙasa da zaiba hannu tsirara. A 7 ga Nuwamba 2021 ramu suka rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Waɗannan su ne rukunin da muka ce ya fi yawan jin rauni, gama ƙuruciya da rashin sabo sun haɗu gare su. A rubuce, doka ba ta manta da su duka ba: mai koyon sana'a yana cikin waɗanda ta kare, mai aikin kansa kuma yana iya yin rajista da son ransa. Amma yaron gareji ba albashi ake ba shi ba, kuɗin abinci ne, kuma sau da yawa maigidan kawunsa ne ko aminin ubansa. Wa zai kai ƙarar kawunsa wurin mai binciken aiki? In hannu ya karye sai a kai shi wurin maɗori, maigida ya biya abin da ya sawwaƙa, dangi su ɗauki sauran.

Saboda haka, a ganinmu, in adadin hatsarin da asusu ya rubuta ya ragu a wata shekara, bai kamata a yi saurin cewa aiki ya ƙara aminci ba. Mai yiwuwa ne aikin mai hatsari ya koma hannun waɗanda ba a ƙidaya su. Kuma nauyin da ke kan dangi ya fi tsawo: dattijo mai shekara 55 da ya naƙasa ya kusa ajiye aiki, yaro mai shekara 17 kuwa yana da wajen shekara 40 na neman abinci a gabansa, da hannu guda.